Tauraron Makiyayi da Duniyar da Aka Gano Sau Biyu

Mai tsaye a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui bayan sallar isha a watan Nuwamba, in sama ta yi tas kuma ya kauce wa hasken fitilu, zai iya hango wani tauraro mai ruwan ɗorawa can ƙasa-ƙasa ta arewa. A Kano ko Maraɗi ya fi ɗagowa kaɗan. Larabawa suka sa masa suna Ar-Ra'i, wato makiyayi, masana falaki kuma suna kiransa Gamma Cephei. Ido na ganinsa shi kaɗai, alhali taurari biyu ne masu kewaya juna. Wajen rabin taurari irin rana haka suke, kowane da abokin tafiyarsa, kuma wannan abokin ya daɗe yana rikita masu neman duniyoyi a wajen dangin rana.

Rikicin ya faro tun 1855, lokacin da William Jacob na ɗakin duban taurari na Madras a Indiya ya lura cewa tagwayen taurarin 70 Ophiuchi ba sa bin hanyar da lissafi ya zana musu. Ya ce akwai alamar wata duniya ce take jan su. Thomas See ya farfaɗo da batun a Amurka bayan shekara arba'in, sai Forest Moulton ya nuna a 1899 cewa duniyar da See ya siffanta ba za ta iya zama a wurin ba, domin jan taurarin biyu zai wurgar da ita. Kuskuren awo ne ya haifi wannan duniya. Aka sake yin irin wannan iƙirari a 1943, ya sake rushewa. Daga nan duk wanda ya ce ya ga duniya a jikin tagwayen taurari sai a dube shi a kaikaice.

Cikin wannan yanayi Bruce Campbell da Gordon Walker, 'yan Kanada, suka soma aiki wajen 1980 da madubin hangen nesa na Kanada da Faransa da Hawaii a kan dutsen Mauna Kea. Dabararsu ita ce auna rangajin tauraro: duniya mai kewaya shi tana jan sa kaɗan, ya matso, ya ja baya, launukan haskensa su ɗan gusa. Don su sami ma'auni tsayayye, sai suka riƙa ratsa hasken ta cikin iskar haidrojin fuloraid, guba mai cin gilashi da naman mutum. A 1988, tare da Stephenson Yang, suka ba da rahoton cewa Ar-Ra'i yana rangaji na kimanin mita 25 a daƙiƙa, yana maimaita shi duk bayan shekara biyu da 'yan watanni.

Matsalar ita ce wannan ƙaramin motsi yana kwance ne a kan wani babba. Abokin tauraron, wanda babu wanda ya taɓa gani a lokacin, yana jan Ar-Ra'i da ƙarfin da ya ninka na duniyar nesa ba kusa ba, kuma zagayensa yana cin shekara sittin da wani abu. Wanda ya kalli 'yan shekaru kawai na irin wannan zagaye bai san siffarsa ba, ga shi kuma sai ya cire shi daga lissafi kafin ya ga abin da ya rage. Aka kuma ɗauka cewa tauraron tsoho ne da ya kumbura sosai, irin waɗanda jikinsu ke motsi da kansa. A 1992 Walker da abokansa suka janye maganar, suka jingina rangajin ga juyawar tauraron. Campbell kuwa ya bar fagen, ya koma harkar lissafin haraji.

Bayan shekara uku Michel Mayor da Didier Queloz suka sanar da duniyar 51 Pegasi, tauraron da babu abokin da ke jan sa a kusa, wadda ta kai su ga kyautar Nobel a 2019. Sai a 2003 Artie Hatzes da abokan aikinsa suka haɗa awon Kanada da na ɗakin McDonald a Texas, shekara ashirin cur, suka tabbatar cewa duniyar tana nan: ta fi Mushtari nauyi, tana zagaye cikin kwana 900 da 'yan kai. Janyewar 1992 ba ragwanta ba ce, abin da hujjar hannunsu ta ba su ke nan, amma ta raba su da matsayin na farko. A 2007 aka wallafa hoton abokin, wani ɗan jan tauraro. A 2015 aka raɗa wa duniyar suna Tadmor, tsohon sunan birnin Palmira na Siriya.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda duniyar ta samu tun asali. Tazarar taurarin biyu kusan ninki ashirin ce kawai na nisan ƙasa da rana, kuma abokin yakan matso fiye da haka. Duniyoyi suna haɗuwa ne daga faifan ƙura da iska mai kewaye da jaririn tauraro. Aboki na kusa yana datse gefen faifan, yana kuma hargitsa tsakuwoyin cikinsa har su riƙa karo suna farfashewa maimakon su manne. Binciken Adam Kraus na 2016 kan taurarin da kumbon Kepler ya duba ya nuna cewa tagwayen da tazararsu ta gaza ninki 47 na nisan ƙasa da rana ba su da duniyoyi sai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da sauran taurari ke da shi.

Kepler, wanda aka harba a 2009, ya ci karo da abokin ta wata fuska. Shi yana kama duniya ne idan ta gifta gaban tauraronta haske ya ɗan dushe. In akwai aboki a laɓe, haskensa yakan cike giɓin, sai duniyar ta fito ƙarama fiye da girmanta, ƙananan kuwa su ɓace ɗungurungum. Wani lokaci ma taurari biyu masu husufin juna ne ake ɗauka duniya. Duk da haka shi ne ya gano Kepler-16b a 2011, duniyar da ke kewaya taurari biyu a haɗe cikin kwana 229, inda rana biyu ke faɗuwa a yammacinta.