Ƙaramar Mesa: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Ajiye Ta a Gida

'Yan uwa mazauna Kudu, daga Agege da Sabo ta Ibadan har Ama Hausa ta Owerri, ina gaishe ku daga Laranto a nan Jos. Ana yawan tambayata game da 'yar mesar nan da matasa ke gani a waya Turawa na kiwo kamar kyanwa. To ga bayani, kuma tun farko in faɗa: ba ta da dafi, amma riƙonta ba wasa ba ne.

Wace ce ita?

Masana na kiranta Python regius, Turawa kuma ball python, domin in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kai a tsakiya. 'Yar Afirka ce, daga Senegal har Uganda, tana zama a ramukan ɓeraye da tsofaffin shuri. Tsawonta yawanci mita 1 zuwa 1.5 ne. Kada a haɗa ta da babbar mesa, wadda kan kai mita 5 ta haɗiye akuya. In ta samu kulawa takan yi shekara 20 zuwa 30, wato wanda ya saye ta yana saurayi zai iya aurar da 'ya tana nan.

A kula da kasa

Babban haɗari shi ne a ɗauki kasa a zaton mesa, don dukansu gajeru ne masu kauri. Kasa na da faffaɗan kai mai kusurwa uku, jikinta da kaushi, kuma takan yi huci mai ƙarfi. Ita kuwa mesar santsi gare ta da sheƙi. Duk da haka, macijin da ka gani a gona ko cikin itace, kada ka sa hannu. In an yi sara, a nufi asibiti kai tsaye, ban da tsaga ko ɗauri. A Filato akwai cibiyar Zamko a Langtang, a Gombe kuma asibitin Kaltungo, duk sun shahara kan wannan aiki.

Ɗumi shi ne rayuwarta

Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa. Ana so gefe ɗaya na akwatinta ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗayan kuma wajen 26, ta zaɓi inda take so. Nan ne mu mutanen Jos muke da matsala. Garinmu na kan tudu mai kusan mita 1,200, kuma daren hunturu a Disamba da Janairu ya fi ƙarfinta. Sanyi kan hana ta narkar da abinci, ya jawo mata ciwon numfashi. Ga kuma wuta da ba ta da tabbas. In an ɗauke, a naɗe gorar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye a gefe. Kurfotin gawayi kuwa a rufaffen ɗaki, kai da ita duka zai halaka.

Ku na Legas da Fatakwal yanayi ya fi taimaka muku, amma kada a bar akwatin a rana, kada kuma shimfiɗa ta jiƙe.

Akwatin ya kai tsawonta, da murfi mai sakata da ƙananan ramukan iska, da maɓoya biyu, da kwanon ruwa. Kafintocin kasuwar Katako da ke nan Laranto za su iya haɗa shi, amma kada a shimfiɗa mata garin katako, don wasu itatuwan an yi musu feshin magani. Tsohuwar jarida ta wadatar.

Abinci

Ɓera take ci, ba ganye ba, ba tuwo ba. Ƙarama duk mako, babba duk kwana 10 zuwa 14, kuma takan yi watanni tana ƙin ci. Don Allah kada a kama mata ɓeran kasuwa ko na sito. Wataƙila ya ci guba, sannan ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka gano a 1969, ta kuma ɓarke a Jos a 1970. Sai dai fararen ɓerayen da aka kiwata. Bayan an taɓa ta a wanke hannu da sabulu, a kuma nisanta ta da jarirai.

Haihuwa

Mace kan kai shekara uku kafin ta isa. Takan saka ƙwai 3 zuwa 11 sau ɗaya a shekara, ta naɗe su da jikinta har kwana 55 zuwa 60. Mai lissafin riba ya duba wannan: ba kiwon kaji ba ne.

Doka da maƙwabta

Ƙasashen Benin da Togo da Ghana ne kan gaba wajen fitar da ita zuwa Amurka da Turai, har yawanta ya fara raguwa a daji. Tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, kuma Najeriya na da dokar kare namun daji ta 1985 da aka gyara a 2016, wadda ta shafi kama mesa da cinikinta. Wanda ya ɗauko ta daga iyakar Seme ba takarda, ya sayi rigima da kuɗinsa. Hukuncin cinikin maciji a addini kuma, a tambayi malamai.

Abin da ya fi shafarku shi ne wannan: a yankin Idemili na Jihar Anambra da wasu garuruwan Ibo, mesa, wadda suke kira eke, abar girmamawa ce, kuma kashe ta babban laifi ne da kan kai ga yi mata jana'iza. A Wida ta Jamhuriyar Benin har ɗakin bauta gare ta. Saboda haka in ta shigo shago ko masauki a irin waɗannan wurare, kada a daka mata sanda, kada kuma a kulle ta a keji. A kira mai gida ko Sarkin Hausawa, 'yan gari su fitar da ita. Ƙaramin abu irin wannan kan iya taɓa zaman lafiyar zango gaba ɗaya.

Shawarata, mai sha'awar ganin mesa ya kai yara gidan namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972. Wanda kuma ya nace sai ya ajiye, ya tanadi takarda da ɗumi da abinci kafin ya kawo ta. Allah Ya tsare mu, Ya ba da kasuwa.