Taya ta al'ada ko mai ƙarin ƙarfi: yadda ake bambance su

A shagunan taya na Garwa, Njamena, Kwatano ko Maraɗi, sau da yawa mai saye yakan tarar da tayoyi biyu masu girma ɗaya, zane ɗaya, amma farashinsu ya bambanta. A jikin mai tsadar an rubuta XL, ko Extra Load, ko Reinforced, ko RF. Da Faransanci ana kiranta pneu renforcé. Wadda ba ta da wannan rubutu ita ce ta al'ada, wani lokaci da alamar SL.

Mene ne bambancin?

Iskar da ke cikin taya ita ke ɗaukar nauyin mota, aikin roba da zaruruwan ciki shi ne riƙe iskar. An ƙarfafa ƙirar taya mai XL don ta jure iska mai yawa, kuma ta haka take ɗaukar ƙarin lodi. Bisa ƙa'idar ETRTO, ƙungiyar Turai mai tsara ma'aunan taya, ta al'ada tana kai ƙarshen ƙarfinta idan an ba ta iska bar 2.5, wato psi 36 a gejin masu faci. Mai XL kuwa sai an kai ta bar 2.9, wato psi 42.

Nan ne masu motoci da dama ke asarar kuɗinsu. Idan aka sayi XL aka ba ta iska daidai da ta al'ada, ba ta ɗaukar abin da ya wuce na ta al'adar.

Karanta lambobin jikin taya

A ɗauki misalin 205/55 R16 91V. Lamba 205 faɗin taya ce a milimita, 16 kuma girman wili a inci. Lamba 91 ita ce ma'aunin lodi, tana nufin kilo 615 ga kowace taya. Harafin V na nuna iyakar gudu, kilomita 240 a awa. Wannan girman a XL yakan zo da lamba 94, wato kilo 670. Ƙarin kilo 55 ke nan ga taya ɗaya, 220 ga huɗu. Haka ma 195/65 R15: ta al'ada 91 ce, XL ɗinta 95, kilo 690.

Sai dai wannan ƙari bai ɗaga iyakar nauyin da kamfani ya yanke wa motar ba, wanda ake kira PTAC a takardun mota na Faransanci. Birki da sauran ƙarafan ƙasan mota suna nan yadda aka ƙera su.

Wace mota ce ke buƙatar wace taya?

Amsar tana kan takardar da aka manna a bakin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, da kuma littafin motar. Idan kamfani ya rubuta XL, dole a sa XL. Idan ya rubuta ta al'ada, ana iya sa XL, amma ba a sauka ƙasa da lambar lodin da ya rubuta. Tayoyin gaba biyu su zama iri ɗaya, haka na baya.

Ƙaramar motar da ke zirga-zirga a cikin gari da mutum biyu ko uku, ta al'ada ta ishe ta. Ta fi araha, kuma ta fi laushi a kan gargada. XL ta fi dacewa da motar iyali mai kujeru bakwai, ko wadda ke yawan doguwar tafiya cike da fasinja da kaya. Ta ɗan fi tauri, don haka ana jin ramuka sosai a cikin mota.

Motocin haya irin su Toyota Hiace kuwa ba XL suke buƙata ba. Nasu su ne masu harafin C, kamar 195 R15C 106/104, inda 106 ke nufin kilo 950. Sa wa bas tayar ƙaramar mota, ko da XL ce, jefa rayukan fasinjoji ne cikin haɗari.

Abin da XL ba ta yi

Ba ta hana ƙusa huda ta, kuma ba a tafiya da ita in ta sace. Ba ta maganin zafi idan iska ta yi kaɗan. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi har zaruruwanta su rabu da roba ta fashe. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a yankin Sahel, haɗarin ya fi yawa. Ana auna iska da safe kafin a kama hanya. Idan an auna bayan tafiya aka ga ta ƙaru da kusan bar 0.3, zafi ne ya jawo, kada a rage ta.

Tayoyin hannu

Yawancin tayoyin da aka yi amfani da su a Turai suna shigowa ta tashoshin ruwa na Kwatano, Lome da Duwala. Alamar XL a jikinsu ba ta nuna lafiyarsu. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a sauke duk tayar da ta kai shekara 10, ko da zanenta bai cinye ba. A Turai doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba. Wadda ta tsattsage a gefe ko ta yi ƙulli, a bar wa mai shago abarsa komai arhar ta.