CUPS da ƙarshen zamanin direbobin firinta

CUPS manhaja ce da ke kula da buga takardu a kwamfutocin da ke aiki da Linux da macOS. Buɗaɗɗiya ce, wato kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, ya kuma gyara. Michael Sweet ne ya ƙirƙiro ta a Amurka, ta fito a 1999. Kamfanin Apple ya saye ta a 2007, amma bayan Sweet ya bar kamfanin a ƙarshen 2019, ƙungiyar OpenPrinting ce ke ci gaba da raya wadda ake amfani da ita a Linux.

A tsohon tsari, kowace firinta tana buƙatar direbanta, wato ƙaramar manhajar da ke juya takarda zuwa yaren da na'urar ke ganewa. Akwai kuma fayil ɗin PPD, wanda kamfanin Adobe ya ƙirƙiro, mai bayyana abin da firintar ke iya yi: girman takarda, launi, bugu gaba da baya. Tun fitowar CUPS 2.3 a 2019 aka sanar cewa wannan tsari ya tsufa, kuma an tsara CUPS 3 ba tare da shi ba.

Dalilai biyu ne manya. Adobe ya daɗe da daina sabunta tsarin PPD. Sannan dubban direbobi nauyi ne ga masu kula da manhajar, kuma direban da ba a gyarawa ƙofa ce ga masu kutse.

Abin da ya maye gurbinsa shi ne bugu ba tare da direba ba, ta hanyar ƙa'idar IPP. Kwamfuta na tambayar firinta abin da take iyawa, firintar ta amsa da kanta, sai a tura mata aikin a tsarin da ta sani, kamar PDF. AirPrint na Apple, da ya fito a 2010, da IPP Everywhere da Mopria duk a kan wannan ƙa'ida suke. Microsoft ma ya sanar a 2023 cewa zai daina rarraba direbobin wasu kamfanoni ta Windows Update.

Lamarin ya fi shafar makarantu da shagunan buga takardu masu dogaro da firintoci na hannu. Sai dai ba a yar da tsofaffin na'urori ba. OpenPrinting ta tattara direbobi da yawa, irin su Gutenprint da HPLIP, cikin wasu manhajoji da ake kira Printer Applications, waɗanda ke sa tsohuwar firinta ta bayyana wa kwamfuta kamar sabuwa. Jerin CUPS 2.4, da ya fara fitowa a 2021, yana karɓar tsofaffin direbobi.

Mai shirin sayen firinta, sabuwa ko ta hannu, ya fara tabbatar da cewa tana aiki da AirPrint ko Mopria ko IPP Everywhere kafin ya biya kuɗi.