2.3 Ma'anar Haruffa da Alamomin Kaburburan Turawa a Lakwaja da Zungeru

A wannan sashe za a duba taƙaitattun haruffa da alamomin da aka sassaƙa a duwatsun kaburburan Turawan mulkin mallaka, domin su ma hujja ce ga mai nazarin tarihi. Lakwaja ce hedikwatar Lugga a 1900, kafin a koma Zungeru a 1902, shi ya sa garuruwan biyu suke da irin waɗannan maƙabartu.

Haruffan sun kasu gida biyu. Kashi na farko na addini ne. R.I.P. daga Latin yake, wato addu'ar mamaci ya huta lafiya. I.H.S. kuwa haruffa uku ne na farkon sunan Yesu a Girkanci. Haka nan anga tana nufin bege, karyayyen ginshiƙi kuma rayuwar da ta yanke da ƙuruciya.

Kashi na biyu na aiki ne, kuma shi ya fi amfani wajen ƙiyasta zamani. W.A.F.F. rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma ce, wadda aka kafa a 1897. Sai a 1928 aka ƙara mata harafin R, alamar jingina ta ga sarautar Ingila. Saboda haka dutsen da ke ɗauke da R.W.A.F.F. ba a sassaƙa shi kafin 1928 ba, ko da shekarar ta goge.

Sai dai a lura, wannan ƙiyasi shekarun dutse yake nunawa, domin akan kafa dutse shekaru bayan an rufe mamaci. Dole a gwama shi da takardun ajiya kafin a yanke hukunci.