Mawaƙan Baitalami ta Amurka da Attajirin Ƙarfe

'Yan'uwa, a ƙasar Amurka, cikin jihar Fensilbaniya, akwai wani gari da a ke kira Baitalami. Masu bi na ikilisiyar Morabiya ne suka kafa shi a shekara ta 1741. Mutane ne masu son kai bishara ƙasashe masu nisa, masu son waƙa kuma ƙwarai.

A cikinsu aka haifi J. Fred Wolle, mai kaɗa ogan a majami'a. Ya tafi karatu Jamus, can ya ji waƙoƙin Bach, zuciyarsa ta kamu. Da ya komo gida ya so mutanen garinsu su rera babbar waƙar sujada ta Bach, wadda a ke kira Mas. Mawaƙansa na fari suka ga ta yi musu wuya, suka janye. Mu da muka san wahalar koya wa jama'a sabuwar waƙa ba za mu ga laifinsu ba, gama tsawonta ya kai wajen sa'a biyu, da Latin kuma a ke rera ta. A 1898 waɗansu suka sake taruwa. Ba masu sana'ar waƙa ba ne, mutanen gari ne, kowa da aikinsa da rana. Suka yi fiye da shekara suna koyo. Ran 27 ga Maris, 1900, suka rera ta dukanta cikin majami'ar Morabiya, ba a kuwa taɓa yin haka a Amurka ba.

Amma a 1905 Wolle ya karɓi aikin koyarwa a Kalifoniya, taron ya tsaya. Da ya dawo sai maganar kuɗi ta taso, domin kuɗin shiga ba ya isa a biya masu kaɗe-kaɗe da a ke ɗaukowa daga wani birni. Sa'an nan Charles Schwab, shugaban kamfanin ƙarfe na Bethlehem Steel, ya sa hannu. Shi da waɗansu mutanen gari suka tsaya lamuni, wato idan an gama taro aka ga kuɗi ya kasa, su za su cika. Da wannan aka sake buɗe taron a 1912, cikin majami'ar Packer ta makarantar Lehigh. Kafin a soma, masu busa su kan hau hasumiya su busa, kamar yadda a ke busa kakaki a ƙofar sarki. A 1917 Schwab ya kai mawaƙan birnin Niyok da kuɗinsa.

A ganinmu dabarar da ta fi ita ce da ba su dogara ga attajiri ɗaya ba, suka yawaita masu lamuni. Wolle ya rasu a 1933. Schwab ya mutu a 1939, dukiyarsa ta ƙare, da bashi a kansa. A 1995 aka daina narka ƙarfe a garin, a 2001 kamfanin ya karye. Har wa yau a watan Mayu mawaƙan su kan taru su rera waƙar nan, masu lamuni kuma suna nan da yawa, daga garin da wajensa.