Mota ta yi ƙas-ƙas ta ƙi tashi: ina za a fara dubawa?

An murza makulli, inji bai ɗauka ba, sai ƙara kawai ake ji: ƙas-ƙas-ƙas, ko kuma ƙas guda ɗaya, shiru. Da yawa daga nan suke yanke hukunci cewa batir ya mutu, a kira ɗan uwa da ke Abijan ko Legas ya turo kuɗin sabo. Jama'a, a dakata tukuna. Ƙarar nan ita kanta tana faɗin inda ciwon yake.

Abin da ke yin ƙarar wani ɗan ƙarfe ne mai maganaɗisu da ke manne a jikin demarar, wato injin tada mota, makanisiye na ce mishi solenoyid. Aikinshi biyu: ya tura haƙoran demarar su kama na inji, ya kuma buɗe wa babbar wuta hanya daga batir. Shi wuta kaɗan ta ishe shi ya motsa, amma demarar kanta tana jan ampa sama da 100, ta motar gazuwal ma ta fi haka nesa. Shi ya sa rediyon mota ke iya yin waƙa, fitilun tablo su kama, amma mota ta ƙi tashi.

In ƙarar ta zo a jere da sauri, wuta ce ba ta isa ba. Kunna fitilun gaba, wani ya tsaya ya duba yayin da kake murza makulli. In sun dushe ƙwarai ko sun mutu, matsalar tana ga batir ko ga kawunanshi. To, kawunan nan su ne aka fi rainawa, kuma sau da yawa su ne masu laifin. Hanyoyin karkara da girgizarsu suna kwance su, wani farin gari ko shuɗi-shuɗi ya taru a kai ya tare wuta. Kama kowane kai da hannu ka juya: in ya motsa, ga aiki nan. Kashe kontak, ka fara cire na baƙar waya mai alamar -, sannan na ja mai alamar +. Wanke garin da ruwan ɗumi da aka jiƙa ƴar kanwa a ciki, amma kar ruwan kanwar ya shiga cikin batir. Goge da buroshin ƙarfe har ya yi haske, ka mayar da ja, sannan baƙi, ka ɗaure tamau. A bi baƙar wayar kuma har inda ta kama jikin mota, don tsatsa a wurin tana kawo irin wannan ƙarar. Ban da sigari kusa da batir, iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Wanda ke da na'urar awon wuta ya huta da kintace. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana nuna kusan 12,6 na volt. Ƙasa da 12 ya sauka sosai. In ana murza makulli ya faɗi ƙasa da 10, ya gaji. Zafin Afrilu da Mayu ne ke cin batir a ƙasar nan, yana ƙafar da ruwanshi, sai sanyin safiyar hunturu ya tona asiri. Batir mai marufai a riƙa duba ruwanshi, a ƙara tataccen ruwan batir, ba na rijiya ko na famfo ba.

In za a ɗauko wuta daga wata mota: ja zuwa + na mataccen, ɗaya bakin zuwa + na mai lafiya, baƙi zuwa - na mai lafiya, bakin ƙarshe a kama shi a ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir. A kula fa, manyan kamiyo da yawa volt 24 gare su, haɗa su da ƙaramar mota ɓarna ce. Turawa kuma sai mota mai ambireyaji: kontak a buɗe, vitesi na 2, a saki ƙafa in ta ɗauki gudu. Otomatik ba a tada ta da turi.

Bayan ta tashi, awo ya kamata ya nuna tsakanin 13,5 da 14,5. In bai kai ba, alternatar ba ya cika batir, ko kuwa bel ɗinshi ya saki, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya sauka. Dabarar nan ta cire kan batir inji na aiki don a gwada alternatar, a bar ta, tana ƙona kwamfutar motocin yanzu.

Ƙas guda ɗaya mai ƙarfi, fitilu kuma ba su dushe ba, wannan ya koma ga demarar: ko solenoyid ya ƙone daga ciki, ko gawayinta, wanda ake ce wa sharbo, ya cinye. A sa mota a puwan mor, a ja birkin hannu, wani ya ɗan ƙwanƙwasa jikin demarar da ƙotar guduma, kai kana murza makulli. In ta tashi, a wuce garaji kai tsaye. Sau da yawa canjin sharbo ya wadatar, ba sai an sayi demarar sukutum ba. Kar a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere, a bar ta ta huce.

Akwai wuri ɗaya da ba a gwada ko ɗaya daga cikin dabarun nan. In da damina ne, mota ta mutu tsakiyar korama ko gulbi, sannan ta yi ƙas guda, wataƙila ruwa ya shiga cikin inji. Ruwa ba ya matsuwa, turi ko nacin makulli sai ya lanƙwasa ƙarafan ciki. A ja ta da igiya zuwa wurin makanisiye, ya cire buji ko injektar ya fitar da ruwan tukuna.