Ƙarfe

ƙarfḕ [ƙárfèː] *sn., nj.; jam.* ƙarā̀fā

1. Ma'adini mai tauri da ake narkawa a ƙera kayan aiki: *maƙeri ya sa ~ a wuta.*

2. (*likit.*) sinadarin ~: wanda jiki ke haɗa jini da shi, giram 3 zuwa 4 a jikin baligi, kusan kashi 2 cikin 3 a jajayen ƙwayoyin jini.
(a) feritin: furotin mai ajiye shi a hanta, saifa da ɓargo, ya sake shi in bukata ta taso: *feritin ɗinta ya yi ƙasa.*
(b) taransferin: furotin mai jigilarsa cikin jini.
(c) ƙarancin ~: ajiya ta ƙare kafin ƙarancin jini ya bayyana, hanji kuma ya ƙara tsotsar dalma, haɗari ga yaran ƙauyuka irin su Bagega (Anka) da 'Yargalma (Bukkuyum), inda gubar dalma ta ɓarke a 2010. Abinci mai sinadarin ~: hanta, wake, zogale.

3. Lokacin agogo: *~ biyu na rana.*

*Haɗ.:* baƙin ~. Jan ~, tagulla. Dokin ~, keke.

*K.m.:* *~ ɗaya ba ya amo.*